Filin Tambaya da Amsa: Ƙarangiya a Gonar Gero

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a yankin Gwadabawa, kuma ƙarangiya tana mamaye gonata ta gero kowace damina, har yara ba sa iya shiga yankan hatsi. Ta yaya zan gane ta tun tana ƙarama, kuma wane magani zan fesa mata?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙarangiya, wadda masana ke kira Cenchrus biflorus, ciyawa ce mai rayuwar damina ɗaya, kuma ta fi yabanya a jigawa, irin ƙasar da ta shimfiɗu daga Gwadabawa zuwa Illela da Gada. Danginta ɗaya da gero, shi ya sa tsironta ke ɓoyewa a cikin shuka, sai dai ganyenta ya fi siranta, rassanta kuma sukan ɗan kwanta kafin su miƙe. Kada a haɗa ta da tsidau, wanda ke yaɗo a ƙasa da fure ruwan ɗorawa.

Irinta yana cikin ƙullutun ƙayar nan da ke maƙalewa a wando da gashin tumaki, saboda haka wanda ya bari ta yi kai a watan Satumba ya riga ya shuka ta baɗi da hannunsa. A yi noman fari cikin mako 2 zuwa 3 bayan tsiro, a yi maimai kafin ta fitar da kai, a kuma bi gefen gona da hanyar dabbobi, domin daga can take dawowa. A wannan lokacin abinci ce mai kyau ga dabba, sai a cire a kai wa awaki. Wadda ta riga ta nuna kuwa, a tattara ta wuri guda a ƙone, kada a zuba ta a juji, don takin zai mayar da ita gona.

Batun feshi yana buƙatar hattara, domin maganin da ke kashe ciyawa mai siririn ganye zai iya kashe gero da dawa tare da ita. A gonar wake ko gyaɗa ne irin wannan magani yake da amfani, don haka shawararmu ita ce ku shuka ɗayansu zalla a wurin da ta fi yawa, bayan kun nemi malamin gona ya faɗa muku magani da ma'auninsa.