Filin Tambaya da Amsa: Kaka ta shigo, yara na zazzaɓi, ni kuma ina wurin aiki

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya tare da iyali. Ni malamar firamare ce a Zariya, kuma ina da yara uku: babbar shekararta 6, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 3, sai 'yar wata 8 da nake goyo. Tun da aka koma makaranta a watan Satumba ban sami kaina ba. Kafin kiran assalatu nake tashi, in ɗora ruwan wanka da na koko, in shirya babbar mu fita tare, in bar ƙananan biyu a hannun yarinyar da ke taya ni aiki, ba kuma na dawowa sai bayan azahar. A cikin mako shida ɗan shekara ukun ya yi zazzaɓi sau biyu, na biyun har sai da aka kwantar da mu a asibiti. Mahaifiyar maigidana ta ce ɗanyar gyaɗa da sabuwar masara ne suka kayar da shi, kuma da ina gida da ban bari ya ci ba. Shi ma maigidan ya fara cewa ko in ajiye aikin har yaran su tasa, alhali da albashina muke cika kuɗin makaranta, kuma da shi nake so in sayi ɗan hatsin ajiya tun da sauƙi. Anti, laifina ne? Me kike ganin ya kamata in yi?

Maman yara uku, daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya raya miki su gaba ɗaya. Zan fara da abin da na ga ya fi ci miki rai, wato zargin da kike yi wa kanki, domin uwar da ke kwana da tunanin ita ce ta jawo wa ɗanta ciwo ba ta iya tsara komai da safe.

Gyaɗa ba ta kawo zazzaɓin cizon sauro, masara ma haka. Abin da ya sa iyayenmu suka haɗa su shi ne lokaci ɗaya suke zuwa. A ƙarshen damina, daga Satumba zuwa Oktoba, ruwa ya riga ya kwanta a kududdufai da kwatoci da tsofaffin tayoyi, ciyawa ta yi tsawo a bayan gida, sauro ya gama hayayyafa, ga kuma zafin agazari da ke sa mutane su yaye gidan sauro ko su fito tsakar gida su kwanta. A daidai wannan lokaci ne sabuwar gyaɗa da masara ke shigowa gari, sai yaro ya ci da rana, jikinsa ya yi zafi da dare, a ce abin da ya ci ne. Gaskiyar magana ita ce cizon da ya kayar da shi ya faru ne kwana 10 ko mako biyu kafin zazzaɓin ya bayyana, kuma sauron da ke ɗauke da wannan cuta da dare yake cizo, daga magariba zuwa asuba, lokacin da kina gida tare da yaranki. Saboda haka zamanki a aji daga safe zuwa azahar ba shi ne ƙofar da ciwon ya shigo ba, kuma ko da kin ajiye aikin gobe, sauron ba zai fasa zuwa ba.

Ba na so ki ɗauki wannan bayani ki je ki yi wa Hajiya gardama da shi. Ta faɗi abin da ta taso ta ji, kuma tsoron rasa jika ne ya sa ta faɗa. Abin da ya fi shi ne ki jawo ta cikin aikin. Ki roƙe ta ta riƙa tambayar ɗanta ko yaran sun kwana a gidan sauro, za ki ga maganar da kika yi wata guda kina nanatawa ta shiga kunnensa a rana ɗaya.

Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne ya fi kashewa, don haka ba ciwon da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ne. Ki duba gidan sauron da kuke da shi a cikin hasken rana, ki ɗinke duk hujin da kika gani, ki riƙa cusa gefensa a ƙarƙashin katifa, kuma ki sa yaran a ciki tun bayan sallar isha, ba sai kin gama wanke-wanke da duba littattafan ɗalibai ba. Sannan akwai maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna rabawa a jihohin Arewa duk wata a lokacin damina, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bi tun 2012. Na kwana uku ne a jere: ma'aikaciya ta ba da na ranar farko a gabanta, ta bar wa uwa na kwana biyu. A nan ne mata masu aiki suke yin asara ba tare da sun sani ba, domin masu rabon da hantsi suke zuwa, su tarar uwa ba ta nan, ko su bar maganin a hannun yarinya ta ajiye a kan taga a manta da shi. Ɗanki da jaririyarki duka suna cikin waɗanda ake bai wa. Ki tambayi asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ranar zagaye na gaba idan bai ƙare ba a bana, ki bar wa maƙwabciya amanar karɓa, na kwana biyun kuma ki ba su da hannunki.

Idan jikin yaro ya yi zafi, a kai shi a yi gwajin jini a ranar, kada a tsaya sayen magani a kemis bisa zato, kuma idan an rubuta magani a shanye shi duka ko da yaron ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Akwai alamomin da ba a jiran ki taso daga aiki a kansu: jijjiga, amayar da duk abin da aka ba shi, ƙin shan nono ko ruwa, barcin da ba a iya tashinsa, ko numfashi sama-sama. Ki karanta wa yarinyar da ke gida waɗannan har ta haddace, ki rubuta lambar wayarki da ta maigida a bango, ki kuma ajiye kuɗin Keke Napep a wani wuri da ta sani.

Ba ki faɗi shekarun yarinyar nan ba, amma na san yawancin waɗanda ake kawo mana daga ƙauye ba su wuce 12 ko 13 ba, kuma wannan ya daɗe yana damuna. Yarinya irin wannan ita kanta tana buƙatar mai kula da ita, bai kamata a ɗora mata jaririya da ɗan shekara uku da risho da ƙofar gida har awa shida ba. Idan haka take, ki nemi babbar mace a maƙwabta ko a dangi wadda za ki riƙa kai mata yaran da safe kina ba ta wani abu a ƙarshen wata, ita kuma yarinyar ki sa ta a makaranta, ko da Islamiyyar yamma ce. Ke malama ce, kin fi ni sanin abin da ake rasawa idan waɗannan shekarun suka wuce.

Yanzu batun hatsi, kuma a nan tunaninki daidai ne. Kaka ita ce lokacin da mai albashi ke iya saya wa kansa sauƙin watannin gaba, domin daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba masara da gero da wake da dawa suna shigowa kasuwa da yawa, farashi kan sauka, sannan ya fara hawa yayin da ake tunkarar bazara. Ba sai kin sayi buhu-buhu ba. Ki zauna ki ƙirga kwano nawa gidanki ke ci a wata, ki haɗa kuɗi da abokan aikinki biyu ko uku, ku aiki amintacce kasuwar ƙauye kamar ta Giwa ko Makarfi ranar cinta, ku raba a tsakaninku. Idan kina cikin adashe, ki roƙi uwar adashe ta sa kwasarki ta faɗo a wannan lokaci. Amma kada ki kashe kuɗi a kan tumatir da albasa yanzu, domin arharsu sai kayan noman rani sun fito, wajen Janairu zuwa Maris, a lokacin ne ake yanka tumatir a shanya.

Ajiyar ita ce inda ake yin kuskure mai tsada. Sabon hatsi yakan zo da sauran danshi, don haka ki sake shanya shi a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, har sai kin ciji ƙwaya kin ji ta fashe ƙas. Masara da gyaɗar da aka ɗaure da danshi suna yin fumfuna, kuma irin wannan fumfunar tana fitar da guba mai lalata hanta da tauye girman yara, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Duk ƙwayar gyaɗar da ta canza launi, ta yamushe ko take ɗaci, a tsince a zubar, kada a ce a yi wa yara kunu da ita don gudun asara. Wake kuwa, ina roƙonki da girman Allah kada ki zuba masa fiya-fiya ko Sniper, kada kuma ki sa ƙwayar maganin ƙwari mai fitar da iska mai guba a buhun da ke ɗakin da yara ke kwana. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan zuba maganin ƙwari a kayan abinci. Akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙira domin ajiyar wake, ana samunsa a wurin masu sayar da kayan noma. Ana ɗaure kowace leda daban, iska ta ƙare a ciki, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Jarka mai tsabta da aka cika taf aka toshe bakinta da kyau ita ma tana yin wannan aiki.

Abin da zai rage miki tashin tsakar dare yana cikin wannan hatsin. Ki ware Asabar ɗaya, ki soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa sama-sama, kowanne daban, ki haɗa a kai inji, ki tankaɗe ki zuba a roba mai murfi. Da wannan gari kunun safe ba ya wuce minti goma, kuma ya dace da 'yar wata takwas ɗinki, wadda yanzu take buƙatar abinci mai kauri tare da nono. A ranar kuma ki daka kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, ki jera su a kwalabe. Kayan makaranta da takalma da jakarki a haɗa su tun dare, ruwan wanka a zuba a fulas. Na san ƙananan abubuwa ne, amma rabin awar barcin da za su mayar miki ita ce bambancin uwar da ke shirya yaro tana yi masa wasa da wadda ke yi masa tsawa.

Hunturu ma yana tafe, da zarar Nuwamba ta yi nisa za ki ga hazo da ƙura. Ki fito da rigunan sanyin bara yanzu ki gwada musu, ki tanadi man kaɗanya saboda faso da tsagewar leɓe, wankan ƙananan kuma ki mayar da shi hantsi ko bayan kin dawo. Kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa.

Maganar maigida na bar ta ƙarshe domin ita ce mai nauyi. Ina kyautata zaton ba ƙin aikinki yake yi ba, ganin ɗansa a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu ne ya tsorata shi, kuma namiji idan ya tsorata yakan nemi mafita ɗaya babba. Kada ki tayar da zancen da safe ana gaggawa, ko a gaban Hajiya. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki kawo takarda ku rubuta tare abin da albashinki ya biya a zangon da ya wuce, da abin da zai tsaya idan ya daina shigowa. Sannan ki nemi abu takamaimai a wurinsa, domin cewa “ka riƙa taimaka mini” ba ta nuna masa inda zai sa hannu. Ki ce shi zai riƙa sakin gidan sauro yana duba shi kowane dare bayan ya dawo daga masallaci, shi zai sa a share kwata a sare ciyawar bayan gida, kuma idan zazzaɓi ya zo kina aji, shi za a fara kira. Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, don haka ba baƙon abu kike nema ba. Ki kuma sami shugabar makarantarku ki gaya mata halin da kike ciki tun kafin wata larurar ta taso, ki nemi wata malama da za ku riƙa riƙe wa juna aji idan ta kama.

Ku ba wannan tsari zuwa hutun Disamba. A lokacin ruwa ya janye, sauro ya ragu, hatsi yana ɗaki, sai ku sake zama ku duba maganar aikin da natsuwa. Ki rubuto mini a lokacin in ji yadda jikin yaron yake, kuma ki gaishe mini da Hajiya.