Dalilin da hannu ke janyewa kafin a ji zafi

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ke sa mutum ya fizge hannu daga wuta tun bai ji raɗaɗi ba. Sirrin yana cikin laka, wato igiyar jijiyar da ke cikin ƙashin baya.

Da zarar fata ta taɓa wuta, ƙwayar jijiya mai ɗaukar saƙo sai ta kai wa laka labari. Ita kuwa laka ba ta jiran ƙwaƙwalwa, nan take za ta umarci tsoka ta janye hannun. Kafin labari ya hau sama, aikin gama ya gama.

Abin da ya fi ba ni mamaki, yawancin ƙwayoyin nan ba a manne suke da juna ba. Akwai ɗan giɓi tsakaninsu: saƙo ya zo a lantarki, ya tsallaka a sinadari, ya sake komawa lantarki. A jijiyoyin da wani kitse mai suna mayelin ya lulluɓe, gudunsa kan kai mita 120 a daƙiƙa ɗaya. Wasu jijiyoyin zafi ba su da wannan rufi, shi ya sa zugin ke biyowa daga baya.