Hukuncin barin sujada bayan aikin yanar ido

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, yana ce ta rufe wa mahaifiyata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dishi-dishi. An sa mata ranar aiki, sai ta ji cewa likita zai hana ta sunkuyawa na wasu kwanaki. Ta ce ita ba za ta bar sujada saboda ido ba. Mene ne hukunci? Daga wani ɗan'uwa a Yakasai.

Amsa: Bismillah. Ka gaya wa Hajiya ta je a yi mata aikin, sallarta tana nan daram.

Mas'alar tsohuwa ce a Malikiyya. Shehu Khalil ya faɗa a Mukhtasar cewa ya halatta a yi aikin idon da zai sa mutum ya yi salla a zaune. Saɓani ya shigo ne inda aikin zai kwantar da shi rigingine: cikin almajiran Imamu Malik, Ibnul Ƙasim ya ce ya rama sallolin, Ashhabu ya ba shi uzuri, kuma maganar Ashhabu nake rinjayarwa. Hujja ita ce hadisin Imrana bin Husaini a Bukhari, da basur ya dame shi Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Ido bai gaza basur haƙƙi ba.

Tunda sunkuyo kawai aka hana ta, tsayuwa ba ta faɗi a kanta ba in tana iyawa. Ta yi nunin ruku'u daga tsaye, ta zauna ta yi nunin sujada, ba sai an ɗago mata matashi zuwa goshi ba. Wajen alwala ta wanke abin da ya samu na fuska, ta shafa a kan bandeji. Ranar da likita ya sake ta, rangwamen ya ƙare.

Amma fa halaccin bai haɗa da masu yawo suna soka tsinke su tura yanar cikin ido ba. Wannan hanya ta makantar da mutane da yawa a Arewa, alhali ga Asibitin Malam Aminu Kano, ga asibitin ido na Makkah, ga na ECWA a Sabon Gari.

Ku roƙi likita ya auna mata hawan jinin ido a ɗayan idon. Yana in an cire ta gani kan dawo da izinin Allah, shi kuwa wancan abin da ya ci na jijiyar gani ba ya dawowa.

Wallahu a'alam.