Kun Tambaya: Mai Zuga a Tafi Yaƙi Alhali Bai Taɓa Sa Kaki Ba

Tambaya daga wani malamin makaranta a Zariya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin ana goranta wa wasu shugabannin Amurka cewa sun zille wa yaƙin Biyetnam, amma da mulki ya zo hannunsu suka tura 'ya'yan mutane Iraƙi. Ta yaya ake zille wa aikin soja idan na dole ne? Kuma gorin yana da tushe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gorin yana da tushe, har Amurkawa sun raɗa wa irin wannan mutum suna da ya haɗa tsuntsaye biyu: shaho, don son kai hari, da kaza, don tsoro. Mu a nan sai mu ce mai ingiza mai kantu ruwa.

Zillewar kuwa doka ce ta buɗe mata ƙofa. A zamanin Biyetnam, duk saurayin da ya cika shekara 18 sai ya yi rajista, kwamitin yankinsu ya ba shi lamba. Mai 1-A a shirye yake a kira shi kowane lokaci. Mai 2-S ɗalibin jami'a ne, ana ɗaga masa ƙafa muddin yana karatu. 3-A ta mai iyali ce da tafiyarsa za ta jefa su cikin ƙunci, 4-F ta wanda likita ya ce bai dace ba sam, 1-Y kuma ta mai lalurar da ba za a kira shi ba sai ƙasa ta shiga halin ni-'yasu. Da zarar mutum ya kai shekara 26, da wuya a sake waiwayarsa. Dabarar ke nan: a yi ta sabunta takardar ɗalibta har shekarun su cika.

Inda tsarin ya yi rauni shi ne kowace ƙofa da kuɗi ake buɗe ta. Jami'a sai mai hali, takardar likita sai wanda ke da likitan gida. Akwai kuma rundunar tsaron jiha, wadda kusan ba a tura ta Biyetnam ba, gurbinta kuwa yakan samu ga mai hanya. Cikin samari kimanin miliyan 27 da shekarunsu suka kai, kusan miliyan 2 aka ɗauka ta dole, kuma nauyin ya fi sauka kan 'ya'yan talakawa da ma'aikatan ƙarfi. A 1966 ma sai ma'aikatar tsaro a ƙarƙashin Robert McNamara ta sassauta sharuɗɗan jarrabawar shiga, ta kwashi fiye da mutum 300,000 waɗanda a da ba za su ci ba. Amurkawa fiye da 58,000 suka mutu a yaƙin.

Dick Cheney, tsohon mataimakin shugaban Amurka, shi ne misalin da aka fi kawowa. Sau biyar aka ɗaga masa ƙafa, huɗu don karatu, ta biyar don matarsa na da juna biyu, har ya cika 26 a 1967. A 1989 ya shaida wa jaridar Washington Post cewa a shekarun 1960 yana da abubuwan da ya fi ba muhimmanci a kan aikin soja. Shi ne ministan tsaro a yaƙin Tekun Fasha na 1991, kuma yana sahun gaba wajen ingiza mamayar Iraƙi a 2003. George W. Bush rundunar tsaron jihar Texas ya shiga a 1968. Donald Trump ya samu ɗagawar karatu sau huɗu, sannan ta lalurar ƙashin diddige; Joe Biden sau biyar, sannan ta asma. Ka ga abin bai tsaya a jam'iyya ɗaya ba.

An yi ƙoƙarin gyara da ƙuri'a a ranar 1 ga Disamba 1969: ranakun haihuwa 366 a cikin tulun gilashi, wanda ranarsa ta fito da wuri shi za a fara kira. Ita ma ba ta tsira ba, domin ba a cakuɗa ƙwayoyin da ke ɗauke da ranakun da kyau ba, sai waɗanda aka haifa a ƙarshen shekara, musamman Disamba, suka fi samun lambobin farko. A 1973 aka daina ɗaukar dole gaba ɗaya.

Kada a haɗa waɗannan da ɗan dambe Muhammad Ali. Shi ya ƙi yaƙin, ya ƙi zuwa a fili a 1967, aka ƙwace kambunsa, aka yanke masa shekara biyar, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Bakinsa da aikinsa ɗaya ne, kuma ya biya farashinsa.

Tambaya daga wata 'yar kasuwa a Maraɗi: Lokacin da ECOWAS ta yi barazanar kawo wa Nijar yaƙi a 2023, na ga mutane a Facebook suna cewa a afka, alhali ko bindigar farauta ba su taɓa riƙewa ba. Wanda ba soja ba yana da bakin magana a kan yaƙi?

Amsa: Hajiya, yana da shi, kuma bai kamata a ƙwace masa ba. Kuɗin harajinsa ke sayen harsashi, garinsa ake iya kai wa hari, kasuwarsa ke mutuwa in an rufe iyaka, kamar yadda kuka gani tsakanin Maraɗi da Jibiya. Idan aka ce sai mai kaki ne zai yanke shawarar yaƙi, an miƙa ƙasa ga bariki ke nan. A wancan rikicin ma farar hula ne suka taka burki: majalisar dattawan Najeriya ta ƙi amincewa da amfani da soja a farkon Agustan 2023, malamai da sarakuna suka shiga tsakani.

Saboda haka kafin a goranta wa mutum, a duba abu uku. Na farko, an taɓa kiransa ko ya samu damar zuwa? Tsoho, mara lafiya, ko wanda ƙasarsa ba ta ɗaukar soja ta dole, kamar Najeriya, ba a ce ya gudu. Alƙur'ani da kansa ya ɗauke laifi daga raunana da marasa lafiya a Suratut Tauba, aya ta 91. Na biyu, yaƙin da ya guje wa, yana goyon bayansa a lokacin? Nan ne munafuncin yake, kuma aya ta 246 ta Suratul Baƙara ta siffanta shi: mutanen da suka nemi a naɗa musu sarki su yi yaƙi, da aka wajabta musu sai suka juya baya, in ban da kaɗan. Na uku, me zai rasa in an gwabza? Yana da ɗa ko ƙane a fagen fama? Zai yarda a ƙara masa haraji don kula da matan sojojin da suka rasu?

Wannan na ukun shi ya fi nauyi a wurinmu, kuma bincike ya goyi bayansa. Masu bincike Peter Feaver da Christopher Gelpi sun bi tarihin Amurka daga 1816 zuwa 1992, suka gano cewa idan tsofaffin sojoji suka yi yawa a gwamnati da majalisa, ƙasar ba ta saurin fara faɗa, amma in ta fara takan shiga da ƙarfi. A farkon shekarun 1970 kusan kashi uku cikin huɗu na 'yan majalisar Amurka sun taɓa aikin soja. Yanzu ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Charles Rangel, ɗan majalisa kuma tsohon sojan yaƙin Koriya, ya kawo ƙudurin maido da ɗaukar dole a 2003, don masu kaɗa ƙuri'ar yaƙi su san 'ya'yansu ma na ciki. A 2004 aka kayar da shi da ƙuri'a 402 a kan 2.

Sai dai gori makami ne da ke yawan sarar wanda bai ji ba bai gani ba. A Ingila, daga 1914, 'yan mata sun riƙa miƙa wa duk saurayin da suka gani da farin kaya farin gashin tsuntsu, alamar matsoraci. Gashin ya faɗa hannun sojojin da suka zo hutu, da waɗanda aka sallama saboda rauni, da yaran da ba su kai shekaru ba, har gwamnati ta fito da lambar azurfa a 1916 don wanda aka sallama ya maƙala a ƙirji a ƙyale shi.

Kuma ko an tabbatar mai zugar matsoraci ne, hakan bai nuna yaƙin da yake kira kuskure ba ne, kamar yadda jarumtar wani ba ta mai da yaƙinsa daidai. Wanda kika gani yana cewa a afka wa Nijar, ki tambaye shi sojoji nawa za a tura, wata nawa za a ɗauka, wa zai biya, ina mutanen Birnin Ƙonni da Illela za su fake, kuma wa zai riƙe Yamai washegarin da aka shiga.