Yadda ake zaƙulo shafukan masana da binciken Google

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, ina son in riƙa bin shafukan likitocin yara a soshiyal midiya, amma duk sanda na bincika sai 'yan talla da masu sayar da magunguna su cika min waya. Ko akwai wata dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Dabara kam akwai. Akwatin binciken da ke cikin manhajojin nan ya fi son turo miki abin da ke tashe, shi ya sa na fi ba da shawarar a koma Google a ba shi umarni dalla-dalla.

Umarni na farko shi ne site: wanda yake tsare bincike a cikin gida ɗaya, wato dandali ɗaya kamar Instagram. Ki rubuta haka:

site:instagram.com "likitan yara"

Kada ki bar fili bayan ɗigon nan biyu, in kin bari ba zai yi aiki ba. Alamar zancen wani da ta kewaye kalmomin kuwa tana tilasta wa Google ya kawo su a jere yadda kika rubuta. Ki sauya sunan gidan yadda kike so: facebook.com, youtube.com, t.me domin tashoshin Telegram, ko x.com, wato Twitter da aka sauya wa suna a 2023.

Inda na fi son ki tsaya ki yi tunani shi ne kalmomin da za ki saka. Yawancin mutane sunan matsalar suke rubutawa, kamar "zazzaɓin yara", sai sakamako ya zo da tarkace, domin kowa yana magana a kan zazzaɓi. Ke mutum kike nema. Don haka ki tambayi kanki: me likita zai rubuta a ɗan bayanin da ke ƙarƙashin sunansa? Sana'arsa zai ambata, da wurin aikinsa, kuma sau da yawa da Turanci. Sai ki haɗa na Hausa da na Turancin da OR, wato "ko", da manyan baƙaƙe:

site:x.com "likitan yara" OR "paediatrician"

Haka za ki yi da kalmomi masu ƙugiya, tunda wani "ƙwararre" zai rubuta, wani "kwararre".

'Yan tallan da suka dame ki kuwa, alamar ragi ce maganinsu. Ki manna ta a jikin kalmar da ba kya so, kamar -sayarwa ko -farashi. A X, ƙara -inurl:status yana kawar da rubuce-rubucen ɗai-ɗai ya bar miki shafukan mutanen da kansu. A LinkedIn kuma, dandalin ma'aikata da masu sana'o'i, site:linkedin.com/in shi ke kai ki kan shafukan mutane kai tsaye. Shafin da mai shi ya kulle dai ba za ki ga abin da ke cikinsa ta nan ba.

Tunda maganar lafiyar yara ce, don Allah kada ki yi saurin danna bi. Shuɗiyar alamar nan ta X yanzu da kuɗi ake samunta, ba shaidar ilimi ba ce. Ki duba ranar rubutunsa na ƙarshe, sannan ki ɗauki cikakken sunansa ki sa cikin alamar zance tare da sunan asibitin da ya ce yana aiki, ki ga ko shafin asibitin ya san da zamansa. In kin tabbatar da mutum ɗaya, ki leƙa jerin waɗanda yake bi, domin likita yakan bi abokan aikinsa, nan za ki tsinci sauran.