Me ya haɗa mai shan jini da tafarnuwa?

Tambaya: Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto cewa: "A littattafai da finafinan Turawa akwai bamfaya, mataccen nan da ke tashi cikin dare yana shan jinin mutane. Ba ya son tafarnuwa, ba ya duba madubi, rana kuma na ƙona shi. Shin akwai dalili na kimiyya, ko duk shaci-faɗi ne?"

Amsa: Ƙanwata, bamfaya dai babu shi. Amma wasu halayen da aka ɗora masa an gan su a jikin marasa lafiya na gaske.

Bayanin da ya fi kwanta min a rai shi ne wanda wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Sipaniya, Juan Gómez-Alonso, ya kawo a 1998. Cewa ya yi a duba ciwon haukan kare. Wanda cutar ta hau wa kai barci ƙaurace masa yake yi. A miƙa masa kofin ruwa, ƙishi na cinsa, amma maƙogwaro ya shaƙe, ya ture kofin yana kyarma. Haske mai ƙarfi, ko wari mai kaifi irin na tafarnuwa, ko ganin fuskarsa a madubi, duk suna iya tayar masa da wannan shaƙewar. Yawu na dalala, wani har cizo yake kaiwa. Kuma ta cizo ake ɗaukar cutar, kamar yadda yake a labaran. Likitan ya nuna cewa annobarta ta mamaye Hungari tsakanin 1721 da 1728, daidai zamanin da ƙauyawan yankin ke tone kaburbura suna neman masu shan jini.

Wannan cuta fa tana nan tare da mu. Tana kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya. Don Allah, duk wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a yi masa allura.

A 1985 wani masanin sinadarai a Kanada, David Dolphin, ya danganta bamfaya da cutar fofiriya, wadda a wasu nau'o'inta rana ke sa fata ta yi bororo. Ban gamsu ba. Masu ita ba sa sha'awar jini, kuma zalunci ne a liƙa musu wannan suna.

Batun rana kuwa, aikin masu fim ne. A littafin Dracula na Bram Stoker, na 1897, dodon yana yawonsa da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Fim ɗin Jamus na 1922, Nosferatu, shi ya sa hasken asuba ya hallaka shi, na baya suka bi sahu.