Likita, wankin haƙori mai zurfi ne ke sa haƙora girgiɗi?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Shekarata 47, ina fama da ciwon suga shekara shida ke nan. Duk sanda na goge baki sai na tofar da jini, har 'yata ta daure ta gaya mini bakina ya fara wari. Na je asibitin haƙori, aka riƙa zura wani siririn ƙarfe tsakanin haƙori da dasashi ana kiran lambobi, na ji ana cewa 5, 6, 5. Aka ce sai an yi mini wanki mai zurfi har ƙarƙashin dasashi, da allura. Amma ƙawata ta ce tun da aka yi mata haƙoranta suka fara girgiɗi, ramuka suka bayyana a tsakaninsu. Wata uku ke nan takardar tana jakata. In je ko in haƙura?

AMSA: Hajiya, ki je, kuma cikin makon nan in da hali. Wata ukun da kika yi ya fi damuna a kan allurar da kike tsoro.

Bari in fassara miki lambobin da kika ji. Ƙarfen nan ma'auni ne, an yi masa zane milimita-milimita. A baki mai lafiya, ɗan ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, kuma buroshi yana iya share shi. Naki ya kai 5 da 6. Ke nan dasashi ya saki haƙori, an sami aljihu mai zurfi inda buroshi ba ya kaiwa ko da za ki wuni kina gogewa. A can ne dauɗar nan mai yauƙi take taruwa, ma'adinai su daskarar da ita ta zama kamar dutse, ta manne a saiwar haƙori. Ƙwayoyin cuta suna zaune a kanta, jiki yana yaƙi da su, kuma a cikin wannan yaƙin ne ƙashin da ke riƙe da haƙori yake zaizayewa a hankali. Abin da ya sa wannan cutar dasashi take yaudarar mutane shi ne ba ta cika yin ciwo ba. Jini da wari su ne kukanta. A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya suna da mai tsananinta, sama da mutum biliyan ɗaya.

Ga abin da za a yi miki. Za a sa allurar kashe zafi a dasashi, sannan a yi amfani da wata na'ura mai karkarwa da fesa ruwa a farfasa dutsen, a bi da ƙananan ƙarafa na hannu a kankare saiwar har ta yi sumul. Ana raba baki gida huɗu, a yi gida ɗaya ko biyu a zama guda. Ba a yanka, ba a ɗinki.

Yanzu maganar ƙawarki. Ban ƙaryata ta ba, abin da ta gani gaskiya ne, sai dai ta ɗora laifin a kan wanda ya tona asirin ɓarawo. Na sha ganin baki inda dutsen ya haɗe haƙoran ƙasa huɗu ko shida kamar an yi musu siminti. Ƙashi ya riga ya tafi, dutsen ne ya tallabe su. Ana cire shi sai girgiɗin da ke ɓoye ya fito fili. Ramukan ma haka: kumburi ne ya cike su, da dasashi ya saɓe ya ɗame sai gurbin ya bayyana. Sau da yawa girgiɗin yana raguwa bayan 'yan makonni idan kumburi ya tafi. Ba zan ɓoye miki ba, ƙashin da ya riga ya zaizaye wanki ba ya mayar da shi. Wanda ya rage muke son mu ceto.

Kwanakin farko za ki ji dasashi ya yi tsami, ruwan sanyi kuma zai riƙa tsira miki, wani lokaci har mako biyu ko fiye. Makilin ɗin da aka yi don masu irin wannan zugin yana taimakawa. Kada ki daina gogewa don kin ga jini. Buroshi mai laushi, sau biyu a rana, sannan ki roƙi likitanki ya gwada miki ɗan ƙaramin buroshin da ke shiga tsakanin haƙora, ya zaɓa miki girman da ya dace da ramukanki. A ganina rabin maganin yana hannunki ne a nan, don na ga wankin da aka yi da kyau ya lalace cikin wata shida saboda an bar tsakanin haƙora.

Ciwon suganki yana da hannu dumu-dumu. Idan suga ya hau, dasashi ba ya warkewa da wuri, kumburin dasashi kuma yana sa suga ya yi taurin kai. Bincike ya nuna gyara dasashi yana ɗan sauke gwajin suga na wata uku, wato HbA1c, da kusan ɗigo 0.4. Ki tafi da sakamakonki na ƙarshe, ki sha maganinki yadda kika saba, kada ki je da yunwa. In kina shan maganin tsinka jini ko kina da matsalar zuciya, ki faɗa tun kafin a taɓa ki.

Bayan mako shida zuwa takwas za a sake zura ma'aunin nan. Ki saurari lambobin da kunnenki. Inda aka ce 5 muna fatan ki ji 3 ko 4 ba tare da jini ba. Wurin da ya tsaya a 6 ko fiye yana iya buƙatar a maimaita ko a yi ƙaramar tiyata. Daga nan kuma kina komawa duk wata uku ko huɗu a duba, a share. Allah ya ba ki lafiya, ki rubuto mini lambobin da kika ji a karo na biyu.